Maƙalar Mako: Tsoron Ƙididdiga Da Yadda Yake Cinye Karatun Rukuni

Yau za mu ɗan ajiye maganar jigo da salo da zubi, mu taɓo abin da ke hana da yawa daga cikin 'yan wannan zaure barci, musamman masu karatun digiri na biyu da na uku a nan Sakkwato, wato darasin ƙididdiga. Wani zai ce me ya haɗa marubuci da lissafi? Ku yi haƙuri ku bi mu, za mu zo kan rabonmu a cikin maganar.

Sakkwato gari ne na karatu. Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, wadda aka kafa a 1975 kuma ta karɓi sunan Shehu a 1988, tana ɗaukar ɗaliban manyan digiri a fannoni da dama, ga kuma Jami'ar Jihar Sakkwato. Wanda ya shiga fannin ilimi, ko zamantakewa, ko tattalin arziki, ko aikin gona, ko lafiya, zai yi wuya ya kai ga rubuta kundi bai ci karo da darasin hanyoyin bincike da ƙididdiga ba. Kamar yadda ake yi a sauran jami'o'i, akan raba ɗalibai rukuni-rukuni, mutum biyar ko shida, a ba su jinga su yi tare, don hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ra'ayinmu shi ne, matuƙar tsoron ƙididdiga yana cikin rukuni kuma ba a yi maganarsa a fili ba, to aikin tare yana ɓoye ciwon ne, ba ya warkar da shi. Kuma mafi sauƙin maganin da ke hannunmu shi ne harshenmu.

Da farko, wannan tsoro ba ragwanci ba ne, kuma ba a Arewa aka ƙirƙiro shi ba. Tun a 1985 wasu masana uku a Amurka, Cruise da Cash da Bolton, suka tsara ma'aunin gwada shi, suka kasa shi gida shida: ganin darasin ba shi da amfani, fargabar fassara sakamako, fargabar aji da jarrabawa, raina kai a fagen lissafi, tsoron neman taimako, da tsoron malamin darasin. A 2003 kuma Anthony Onwuegbuzie da Vicki Wilson suka tattara binciken da aka yi a kan lamarin, inda aka ƙiyasta cewa ɗaliban manyan digiri da ke fama da wannan fargaba suna iya kaiwa kashi 80 cikin 100. Ku sake duba gidajen nan shida. Ɗaya ne kawai ya shafi iya lissafi kai tsaye, shi ma ɗin yadda mutum yake kallon kansa ne. Sauran sun shafi kunya, da harshe, da mu'amala da mutane. Su ne kuwa abubuwan da zaman rukuni ya dogara a kansu.

Ga yadda abin yake tafiya. A zama na farko rukuni yakan gano gwaninsa, wato wanda ya yi lissafi ko kimiyya a digirin farko, ko wanda yake da kwamfuta mai ɗauke da manhajar SPSS. Daga nan sai aiki ya rabu da kansa ba tare da an tattauna ba. Wani ya ɗauki gabatarwa, wata ta ɗauki bitar ayyukan magabata, wani ya ce shi zai biya kuɗin bugawa, alƙaluma kuma a tura wa gwani. Ranar miƙa aiki sunaye shida ne a bango, maki ɗaya kowa ya samu, amma mutum ɗaya ne ya koyi abin da aka kafa rukunin dominsa. Masana halayyar ɗan Adam sun daɗe da sanin cewa mutum yakan rage ƙoƙari idan aikinsa ya ɓace a cikin na jama'a. Wani Bafaranshe mai suna Ringelmann ya nuna haka a 1913 da gwajin jan igiya: yawan masu ja yana ƙaruwa, ƙarfin kowane mutum ɗaya yana raguwa. To ina ga an haɗa wannan da tsoro? Mai tsoro ya samu mafaka, kuma mafakar tana da suna mai daɗi, wai rabon aiki.

A nan gida akwai wani abu da ke ƙara wa lamarin nauyi, shi ne girma da kunya. Ajin digiri na biyu ba kamar ajin digirin farko ba ne. A benci ɗaya za ka tarar da shugaban makarantar sakandare mai furfura, da darakta a ma'aikata, da Hajiya mai 'ya'ya a jami'a, da matashin da bai daɗe da gama bautar ƙasa ba. Sau da yawa matashin nan shi ne gwanin rukuni. Yaya Yallaɓai zai ce wa sa'an ɗansa, «Ban gane ba, maimaita mini»? Shi kuma yaron yaya zai dubi babba ya ce, «Ranka ya daɗe, zo ka gwada mu gani»? Sai a sasanta cikin ladabi: babba ya sayi kati da lemo ya sa albarka, yaro ya kwana a kan kwamfuta. Matan aure kuwa, waɗanda ba kullum suke iya zaman yamma ko na dare ba, su ne na farko da ake cewa, «Hajiya ki huta, za mu sa sunanki.» Ana ganin an kyautata mata, alhali an rufe mata ƙofa ne. Tarbiyyarmu ta girmama na gaba abu ce mai kyau, amma a wannan wuri idan ba a yi hattara ba, sai ta zama labulen da jahilci yake laɓewa a bayansa.

Shi kansa gwanin ba ya tsira. Amfanin rukuni shi ne idanu da yawa su duba aiki ɗaya. Idan biyar sun rufe ido, duk kuren da na shida ya tafka haka zai wuce. Wanda ba a taɓa tambayarsa «don me?» ba, yakan ɗauka iya danna maɓalli shi ne iya ƙididdiga. Manhaja kuwa ba ta musu. Ko lambobin waya ka zuba mata ka ce ta fitar da matsakaici, za ta fitar maka, har da ɗigo da lambobi uku a bayansa.

Sai kuma ranar da rukuni zai watse, kowa ya fuskanci kundinsa shi kaɗai. A nan ne babi na huɗu yake zama dodo. Wanda ya saba miƙa wa gwani, yanzu sai ya miƙa wa mai shagon kwamfuta ya biya. Ana dawo masa da jadawali masu kyan gani, ya liƙa. Ranar kare kundi, mai jarrabawa daga waje ya ɗaga kai ya ce, «Me ya sa ka zaɓi wannan gwaji ba wancan ba? Wannan 0.03 ɗin me take gaya maka?» Sai ɗaki ya yi tsit. Kunyar da aka guje wa a gaban abokai biyar, ga ta nan ta dawo a gaban farfesoshi. Wannan shi ne gudun gara an faɗa gidan zago.

Asarar ba ta tsaya a kan ɗalibi ba. Waɗannan kundaye a kan wa ake rubuta su? A kan yaranmu da ba sa zuwa makaranta, da matanmu masu haihuwa a gida, da manoman albasa da shinkafa na Goronyo da Wurno, da 'yan kasuwar Illela. Idan masu digirin da za su zama malamai da daraktoci gobe ba sa iya karanta alƙaluma, wasu ne za su riƙa ƙirga mu su kuma fassara mu. Ga misali. A watan Nuwamba na 2022 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta fitar da rahoton talauci mai fuskoki da yawa, wanda ya nuna kashi 63 cikin 100 na 'yan Najeriya, kimanin mutum miliyan 133, suna ciki. Jihar Sakkwato ce ta zo a sama da kashi 91, Ondo a ƙasa da kashi 27. An yi ta muhawara, wasu na fushi, wasu na gori. Amma mutum nawa suka tsaya suka duba me aka auna? Ma'aunin ba kuɗin aljihu yake ƙirgawa ba. Yana duba lafiya, da ilimi, da yanayin rayuwa kamar ruwan sha da makewayi da makamashin girki, da kuma aikin yi da bala'o'in da ke afka wa gida. Mutum zai iya mallakar shanu da rumbu cike, amma ya faɗa cikin lissafin saboda yaransa ba sa makaranta, asibiti ya yi nisa, ruwan gidansa ba mai tsabta ba ne. Wanda ya san haka zai san inda ya kamata a matsa wa hukuma. Wanda bai sani ba, ko dai ya ƙaryata rahoton baki ɗaya, ko ya haɗiye shi ba tauna.

Za a ce mana, ai ba kowa ne zai zama masanin ƙididdiga ba, kuma ko manyan masu bincike na duniya suna neman ƙwararru. Gaskiya ne, kuma ba mu ga laifin neman ƙwararre ba. Mai gida yakan kira magini, amma shi ne ya san ɗaki nawa yake so, kuma idan aka karkata katanga zai gani. Abin da muke ƙi shi ne mutum ya sa hannu a kan sakamakon da ba zai iya bayyana shi ba. Za a kuma ce akwai binciken da ba ya buƙatar alƙaluma, kamar nazarin waƙa ko tarihin baka. Wannan ma haka ne, kuma bincike ne cikakke mai daraja. Sai dai tambayar bincike ce ya kamata ta zaɓi hanya. Idan ɗalibi yana son ya san yawan masu karanta littattafan Hausa a makarantun 'yan mata na cikin gari, amma ya canza batu don kawai kada ya haɗu da jadawali, to tsoro ne ya zaɓar masa, al'umma kuma ta rasa amsar da take buƙata.

Abin da ya fi ba mu mamaki shi ne yadda aka shawo kanmu cewa lissafi baƙo ne a wurinmu. Ku shiga zauren kowane malamin fiƙihu a cikin garin nan ranar rabon gado. Mamaci ya bar mata da uwa da 'ya'ya: mata tumuni, uwa sudusi. Malam zai ce asalin mas'ala 24, mata ta ɗauki 3, uwa 4, saura 17 na 'ya'ya. Ya yi wannan da ka, ba kwamfuta. Babban kaso na littafin da Alkhawarizmi ya rubuta a Bagadaza a ƙarni na 9, wanda daga sunansa kalmar aljabara ta fito, a kan lissafin gado da wasiyya yake. Muhammadu ɗan Muhammadu Alkashinawi, Bafulatanin Katsina da ya rasu a Alƙahira a 1741, har yau masana tarihin lissafi suna ambatonsa saboda aikinsa a kan jera lambobi cikin murabba'i. Mu kanmu marubuta, duk wanda ya taɓa auna baitin waƙa da aruli, yana ƙirga gaɓa mai nauyi da marar nauyi, ai lissafi yake yi, kuma Halilu ɗan Ahmad na Basra ne ya tsara wannan ilimi tun ƙarni na 8. Alkindi kuwa ya gano yadda ake warware rubutun sirri ta hanyar ƙirga sau nawa kowane harafi yake fitowa a cikin Larabci. Wato ɗaya daga cikin tsofaffin ayyukan ƙididdiga a duniya a kan haruffa aka yi shi.

Saboda haka ba ƙwaƙwalwa muka rasa ba. Ɗalibinmu yana kokawa da abu biyu a lokaci ɗaya, sabon tunani da kuma Turancin da aka naɗe shi a ciki. Ku ga abin da ke faruwa idan aka warware naɗin. Ɗaukar samfuri shi ne abin da uwargida take yi idan ta juya miya ta ɗanɗana cokali ɗaya. Ko tukunyar gida ce ko ta biki, cokali ɗaya ya isa, da sharaɗin an juya. Shi ya sa jadawalin Krejcie da Morgan na 1970, wanda kusan kowane kundi yake ambata, yake tsayawa a wajen mutum 384 ko da jama'ar ta kai miliyan. Amma sharaɗin juyawa yana nan: sai an zaɓo mutanen ta yadda kowa yake da damar faɗowa. Wanda ya raba takardun tambayoyi 384 ga abokansa da maƙwabtansa, ya ɗebi man da ke saman miya ne ya ce ya ɗanɗana.

Ko a ɗauki matsakaici. A majalisa akwai mutum goma, tara suna samun naira 50,000 a wata, ɗaya yana samun miliyan 5. Idan aka tara aka raba goma, sai a ce kowa yana samun 545,000. Akwai wanda zai yarda da wannan a cikin taran nan? Amma idan aka jera su daga ƙarami zuwa babba aka duba na tsakiya, sai a samu 50,000, wanda ya fi kusa da gaskiyar majalisar. Duk wanda ya gane wannan ya gane dalilin da ya sa ake da ma'aunin tsakiya fiye da ɗaya.

Ita ma 0.05 da ke firgita mutane tana da labari mai sauƙi. Ronald Fisher, Baturen Ingila, ya kawo shi a littafinsa na 1935. Wata mata ta ce tana iya bambanta shayin da aka fara zuba wa madara da wanda aka fara zuba ruwan shayi. Sai ya tsara gwaji: kofi takwas, huɗu haka huɗu haka, a gauraya. Akwai hanyoyi 70 da za a iya zaɓar huɗu daga takwas, ɗaya ce kawai daidai. Idan canki-canka take yi, damar ta dace duka ɗaya ce cikin 70. Idan kuwa ta dace, sai mu ce da wuya a ce sa'a ce kawai. Tambayar ke nan da ke bayan yawancin gwaje-gwajen babi na huɗu: in da babu wani bambanci na gaskiya, sau nawa za a ga irin wannan sakamako don dace kawai? 0.05 tana nufin sau ɗaya cikin ashirin. Kowane mai shayi a bakin tasha zai fahimci wannan labari.

To me muke ba rukunoni shawara? Abu na farko, kada a kunna kwamfuta sai kowane ɗan rukuni ya iya faɗin tambayar binciken da Hausa, ko da harshen da ya fi sakewa da shi, da kuma abin da ake son a kwatanta da me. Jarrabawa da Turanci za a yi, mun sani, amma wanda ya gane abu da harshensa zai iya mayar da shi Turanci, wanda ya haddace Turancin kawai tambaya ɗaya ce za ta kayar da shi. Na biyu, a fara da ƙaramin abu da hannu: a je Kasuwar Daji a tambayi farashin kwandon tumatir a wurin mutum goma, a lissafa da biro da takarda, sannan a zuba wa manhaja a ga ta fitar da abu ɗaya. Daga ranar ta daina zama aljani. Na uku, gwanin rukuni ya janye hannunsa daga kwamfuta, ya yi bayani da baki, mafi tsoro shi zai danna. Wanda ba shi da SPSS, akwai jamovi da JASP da R, duk kyauta ne. Na huɗu, a raba darasin ƙididdigar kansa, kowa ya ɗauki yanki ya koya wa sauran, kuma a jefa ƙuri'a wajen zaɓar wanda zai gabatar a aji, don kada wani ya kwanta. Na biyar, a sa lokacin zama da matan aure da ma'aikata za su iya halarta. Babban da ke cikin rukuni kuma shi ya kamata ya fara cewa «ban gane ba», domin idan Yallaɓai ya tambaya, ya buɗe wa kowa baki. Ai mai tambaya ba ya ɓata.

Wannan tsari ba baƙo ba ne a Sakkwato. A ƙarni na 19 Nana Asma'u 'yar Shehu ta kafa tsarin 'Yan Taru. Ta koyar da jajis, su kuma suka koma garuruwansu suka koyar da wasu matan. Ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa, don ilimi ya isa ga wanda ba ya jin harshen manyan littattafai. Ka koya don ka koyar, kuma ka koyar da harshen da ake ji. Abin da muke nema daga rukunin mutum shida ke nan.

Yanzu ga rabonmu, mu marubuta. Masu nazarin harshe da adabi sun samu ƙamus na keɓaɓɓun kalmomi tun 1990, wanda Farfesa Ɗalhatu Muhammad ya tace, shi ya sa yau ɗalibi yake iya rubuta kundi sukutum da Hausa a kan ginin jimla ko salon waƙa. Ƙididdiga ma tana buƙatar irin wannan hidima, kuma ba masu lissafi kaɗai za su yi ta ba. Su sun san ma'ana, mu mun san yadda ake sa magana ta zauna a kunnen Bahaushe. Akwai fili a nan ga duk matashin marubucin da ke neman abin da zai rubuta wanda ba a cika shi ba: gajerun bayanai, labarai irin na mai shayi, tattaunawa tsakanin ɗalibi da malami, har da wasan kwaikwayo. Sannan mu ma muna cusa alƙaluma a rubuce-rubucenmu, na almajirai, na zawarawa, na marasa aikin yi. Kafin marubuci ya rubuta kashi kaza cikin ɗari, wajibi ne ya san wa ya ƙirga, yaushe, kuma me aka ƙirga.

Jingar wannan mako ke nan. Kowa ya ɗauki kalma ɗaya daga darasin ƙididdiga, ko samfuri, ko matsakaici, ko hasashe, ko dangantaka tsakanin abu biyu, ya bayyana ta da Hausa cikin kalmomin da ba su wuce 150 ba, da misali daga gida ko kasuwa ko gona. Ya karanta wa wani wanda bai yi boko mai zurfi ba. Idan ya gane, a kawo mana nan. Masu karatun lissafi da ke cikinmu su duba ma'ana, sauran mu duba harshe, mu ga abin da za mu iya tarawa kafin ƙarshen zangon karatu.

Allah Ya ba masu rubuta kundi sa'a, Ya sa a kare lafiya. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.